Na kai tsohuwar BMW ɗina wurin mai gyaran kalkulater a Maradi, ga yadda muka kwashe da shi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tun da motar ga tawa ta sake hitowa titi bayan ta share wata bakwai tana kwance gindin bedi a ƙohwar gida, duk inda na tsaya sai an tambaye ni wai wa ya tada ta, Kano na kai ta ko Yamai. To ba ko ɗaya, nan cikin Maradi aka yi aikin, wurin wani dattijo elektirisiye da ke da ƴar rumfa wajen Sabon Gari. Ba zan kama sunanshi ba don bai ce in yi mashi talla ba, kuma akwai abubuwan da zan faɗa waɗanda ba yabo ba ne, amma masu tsohin motocin injeksiyon sun san ko wa nake nuhi.

Motar BMW E30 ce 325i ƙirar 1989, inji M20 silinda shidda lita 2.5, doki 170 lokacin da take amarya. Kawuna ya shigo da ita ta Kwatano tun ina lekol, da ya tsuhwa ya daina tuƙi ya ce in ɗauka in na iya da rigimarta. Kuma wallahi tana da rigima, amma wanda ya taɓa jin kukan silinda shidda a hanyar Dan Issa da sassahe ya san abin da ke hana mutum rabuwa da ita.

Masifar ta fara ne ranar da bateri ya mutu a wani garaji, yaron garajin ya kawo wani baterin zai yi mata jan wuta ya juya kan wayoyin, ja ya koma baƙi baƙi ya koma ja, sai ƙauri kawai muka ji. Kalkulater ya ƙone, wato ƙwaƙwalwar da ke sarrafa mai da wutar inji, wannan akwatin da ƴan Najeriya ke kira birenbos, a E30 yana ɓoye saman akwatin gaba inda ake zuba takardu. Mai garajin ya ba ni haƙuri ya ce zai samo wani, bayan sati biyu ya kawo akwati na BMW, soket ɗin ya shiga daram don duka masu ƙafa 55 ne, mota ta tashi, kowa ya yi hamdala. Amma daga ranar motar ba ta sake zama ita ba, in ka taka sai ta yi kamar tana shawara da wani kahin ta amsa, ga shan mai kamar raƙumi ya iske rijiya. Sai daga baya na gane lambar da ke jikin takardar Bosch ɗin ta ƙare da 172, wato na 320i ne mai lita 2, alhali tawa 173 take so, cikakkiyar lambar 0 261 200 173, tsarin kalkulater na Bosch da ake kira Motronic 1.3. Ƙwaƙwalwar ƙaramin inji aka ɗora ma babba, tana lissahin iska da mai na wani jiki daban.

Na sa wani abokina direba ya nemo mani 173 a Ƙofar Ruwa a Kano, aka yi sa'a ya samu mai lahiya. Da nan na tsaya da ba a yi wannan dogon labari ba. Amma shaiɗan ɗin intanet ya shige ni, ina ta kallon Turawa da Amurkawa a YouTube suna canza fus na kalkulater mota na ƙara wuta, har masu Mustang 5.0 na 1989 zuwa 1993 suna ta gardama kan akwatin A9L na mai giyar hannu da A9P na otomatik kamar gardamar ƴan kokowa lokacin takobi. Sai na sa ɗan yayata da ke karatu a Faransa ya sayo mani fus ɗin gudu. Mai sayarwa ya rubuta wai za ta ƙara doki 15 ta ɗaga iyakar juyin inji daga wajen 6200 zuwa 6900. A ƙasa da ƙananan baƙi ya sa esansi 98 kawai, wato mai babbar lambar oktan da ke jure matsi a inji, ni kuma na ce ai mai mai ne.

Ga wanda bai sani ba, fus ɗin ga ba irin ta waya ba ce ko da sunan ya zo ɗaya. Wata ƴar baƙar aba ce mai ƙafa 28 kamar kyankyaso, 27C256 ake ce mata, abin da take ɗauka duka kilobayit 32 ne, ko hoton da ka ɗauka da waya ya ninka ta sau ɗari. Amma cikinta aka rubuta komai: yawan man da injekter zai hesa a ralanti, da rabin totur, da in ka danne ƙafa har ƙasa, da lokacin da buji zai ba da wuta wato avansi, da inda za a yanke mai kada inji ya wuce kima. Na buɗe akwatin da kaina na ɓamɓare ta asali na sa sabuwa, har na lanƙwasa ƙafa guda na miƙe ta da ɗan hilas.

Daren farko kam na ji daɗi, da sanyin dare mota ta yi sauƙin ƙafa. Washegari da azahar, watan Afrilu, kun dai san zahin Maradi lokacin nan ya wuce 40, na ɗauki hanyar Tibiri na sa ta huɗu na taka, sai na ji wani ƙara kir kir kir daga gaba kamar an zuba tsakuwa a gwangwanin tumatir ana kaɗawa. In na ɗaga ƙafa ya ɓace, in na taka ya dawo. Na kai ma wani makanike ya ce a rage avansi a delko, ya kama delko zai murɗa ya ga ba ya murɗuwa, don a M20 mai Motronic delko rabon wuta kawai yake yi, lokacin wutar kalkulater ke yanke shi daga sansa da ke karanta haƙoran gaban bilburuke, wato sandar da piston ke juyawa. Wani ya ce a sa mai kauri, wani ya ce kulas ne. Allurar zahi kuma ta fara leƙa gaban rabi, kuma kowa ya san kan M20 ba ya yahe zahi, tsagewa yake. Tsoro ya kama ni na ajiye ta, ajiyar da ta kai wata bakwai kenan.

Wani mai Opel Vectra ne ya kwatanta mani wurin dattijon. Rumfar ba ta da ko allo, kwano ne da teburi guda da tsohuwar kwamfuta wadda aka ɗaure murhinta da salatif, sai katan katan na kalkulater an jera an rubuta lamba da alli a jikin kowane. Na yi sallama ya amsa bai ɗago ba yana lika wani abu. Da na gama ba shi labari abin da ya fara tambaya shi ne, ƙanena ina fus ɗin da ka cire. Na ce tana gida cikin wani durowa in yara ba su yi wasa da ita ba. Ya ce koma ka ɗauko, in ba ita ba zan taɓa motar ga ba. Na ji haushi don rana ta take, amma na hau kabu kabu na koma, Allah ya taimake ni na iske ta cikin gwangwanin allurar uwargida.

Abin da ya fara burge ni kenan, kwana biyu cur bai taɓa maganar fus ba. Ya mai da ta asali ya ce sai mota ta yi lahiya da ƙwaƙwalwar da aka haife ta da ita kahin a yi mata wani karatu. Ya sa mita a sansar zahin ruwa, mai shuɗin kai, ya nuna mani cewa biyu ne a wurin, mai ruwan ƙasa ta allurar tabulo ce shuɗiyar ita ke gaya ma kalkulater gaskiya. Ya ce da sanyi wajen digiri 20 ya kamata ta nuna kusan om 2500, in inji ya yi zahi ta sauko wajen 300, tawa kuwa inji na tahwasa tana cewa wai sanyi ake, shi ya sa ake ta tuttula mai. Ya gwada ƙarhin pompon mai ya ce bar 3 ake so, ya samu daidai. Ya cire robar iska mai lanƙwasa da ke tsakanin debimetir, wato mai auna iskar da ke shiga inji, da totur ya matsa ta da hannu a gabana, sai ga tsaga ta buɗe baki a ƙasa inda ido ba ya gani. Debimetir ɗin kuma irin mai ƙyaure ne da iska ke turawa, ya buɗe baƙin murhin da wuƙa a hankali ya nuna mani inda ɗan hannun ya cinye layin gawayi har ya yi fari, ya ɗan gusa shi ya hau sabon wuri, amma ya ja mani kunne kada in bari kowa ya taɓa haƙoran sifirin ɗin ciki, wai nan ne makanikai ke kashe motocin mutane da sunan rage shan mai. Bawul ma ya sa yaronshi ya daidaita tazararsu milimita 0.25 da sanyin inji. Sansar hayaƙi ta mutu tun ban san yaushe ba, ita ma aka sake.

Wallahi da aka gama waɗannan, da fus ɗin asali, motar ta riga ta zama wata aba daban. Har na ce Malam a bar ta haka. Ya yi dariya ya ce ai ka ga inda dokinka goma sha biyar suka ɓuya.

Sai rana ta uku ya zauna kan fus ɗin. Yana da wata ƴar na'ura TL866 da yake haɗawa da kwamfuta, ya ɗora ta asali ya kwahe abin da ke ciki ya adana da lambar motata, ya kuma tura mani kwahi ta WhatsApp ya ce in wuta ta ci rumfar ga kana da naka. Sannan ya karanta ta Faransa ya buɗe su biyu gefe da gefe a TunerPro, manhajar da ke nuna abin da aka rubuta cikin fus. Ni dai teburin lambobi nake gani masu launi, shi kuma yana bin su da bakin biro, ya ce dubi nan, mai bai canza sosai ba, avansi ne suka tura gaba, kuma sun hi tura shi daidai inda ka ji ƙarar, ƙananan juyi da ƙafa a ƙasa. Ya ce wanda ya rubuta wannan ba maƙaryaci ba ne, don garinsu ya rubuta, inda pompo ke da 95 da 98 ka zaɓa kuma iska na da sanyi. Mu nan super guda ce, ko ka sha a tasha ko ka sayi ruwa ruwa na kwalba a bakin hanya wanda ba ka san kwana nawa ya yi a rana ba. Kuma M20 kurma ne, ba shi da sansar da ke jin ƙwanƙwasa, wato wancan ƙarar kir kir da ka ji. Injin M50 mai VANOS, wato tsarin canza lokacin buɗe bawul, da ya zo a E36 daga 1992 yana da ita, in ya ji mai ba shi da kyau kalkulater na ja da baya da kanshi, naka kuwa abin da aka rubuta mashi shi zai yi ko da piston zai huje.

Nan ya shiga ba ni labarin wasu motoci, dattijon akwai surutu in an taɓo inda yake so. Wai Opel sun hi kowa hankali a zamanin don sun sa wani ɗan toshe a cikin inji mai 91 a gefe guda 95 a ɗayan, ka juya shi kawai avansi ya ja baya, kuma rabin Vectra da ke yawo garin ga masu su ba su san da shi ba. Marsandi 190 mai KE-Jetronic ita ma akwai abin murɗawa na irin man da ka sha. Golf 2 GTI ta farko kuwa K-Jetronic ce, rabon man na ƙarfe ne babu fus ɗin da za ka canza, amma kullum sai an zo mashi wai a sa mata fus. Ya kuma ce masu E36 su yi hankali da akwatin 413, daga farkon 1995 BMW ta sa makullin hana sata EWS, in ka ɗauko akwatin wata mota ka jona injin zai yi ta juyawa ba zai kama ba, mutane su yi ta sayen pompo da bobin a banza.

Abin da ya yi mani shi ne ya ɗauki ta asali ya bar wurin cikakken totur yadda BMW ta rubuta, iyakar juyi ma bai taɓa ba, ya ce injin da ya haura shekara talatin ba a koya mashi tsalle. A rabin totur ne kawai ya ɗan ƙara avansi kaɗan. Bai rubuta kan fus ɗina ba, irin tsohin nan masu ɗan gilashi a baya sai an gasa su a fitila ta musamman kahin su goge, ya kawo wata 27SF512 da ake gogewa da wuta nan take, ya ce tunda ta ninka waccan girma sai a rubuta karatun sau biyu a jere don akwatin ya same shi inda yake nema. Ya gyara lissahin tantancewa na ƙarshe, ya sa soket mai ɗan hannu da ake ɗagawa don kada a yi ta lanƙwasa ƙafa irin nawa, ya nuna mani ɗan yankan da ke kan fus ya ce in ka juya shi baya ta mutu, ba a jinya.

Gwajin ne ya hi ba ni dariya. Ba shi da injin auna doki irin na Turai, abin da yake da shi wani guntun bututun tagulla ne da ya daddaƙe bakinshi ya ɗaure da noti a jikin bulok, ya jona tiyo ya biyo da shi ta taga har kunnenshi kamar likita. Ya ƙi yarda mu hita da sahe, sai ƙarfe biyu na rana, wai ba a gwada fus da sanyi. Muka ɗauki hanyar Cadawa, ya ce sa ta huɗu, sauko 2000, to danne. Na danne yana rumtse ido yana saurare. Muka yi haka ya kai sau takwas, sau guda ya ce tsaya, ya buɗe kwamfutar a kan cinya ya rage wani wuri ya sake rubutawa a gindin wata gawo muka ci gaba. Da muka dawo ya kwance buji biyu ya duba farin da gilashin ido, ya ce in ka ga ɗigo ɗigo baƙi kamar an barbaɗa masoro to inji na cin kanshi, nawa ya hito kalar shayi da madara. Don in ji da kunnena har ya mai da ta Faransa na minti biyar ya ba ni tiyon, kai jama'a, abin da nake ji kir kir daga kujera a tiyo kamar maƙera ne.

Yanzu inda bai gamsar da ni ba. Mutumin ga ba ya ɗaukar waya, sam. In ya ce ka zo da hantsi ka iske shi bayan la'asar ka gode Allah, aikin da ya ce kwana uku sai da ya ci tara, kwana guda wuta ce ta ɗauke ba shi da ko ɗan janareta, sauran kuwa biki da jana'iza da wata Hilux ta wani Alhaji da ta tsallake layi ina kallo. Ƙura a rumfar ba a magana, ana buɗe kalkulater iska na kwaso yashi, ni dai raina bai kwanta ba ko da ya hure shi kahin ya ruhe. Yaranshi sun bar mani tabon baƙin mai a kujera kuma sun ɓatar da dunƙulen roba guda na murhin ƙasan tabulo. Sannan ba shi da na'urar auna hayaƙi ta zamani mai nuna yawan mai da iska kai tsaye, shi ya sa ba ya yarda ya taɓa teburin mai sosai, kuma shi da bakinshi ya ce in mutum ya sa turbo ko ya canza kam ko manyan injekter to ba wurinshi ba ne, kunne da buji ba su isa wannan aikin ba. Na ji daɗin gaskiyar amma wanda ke neman irin wancan ya sani tun yanzu. Haka in motarka sabuwa ce mai soket ɗin OBD2 ƙarƙashin sitiyari akwai yara masu na'ura da za su hi shi sauri, shi gwaninta tai tana kan masu zagayayyen soket mai ƙafa 20 a cikin inji da waɗanda suka girme su.

Kuɗi kuma, aikin hannunshi duka da fus da soket jikka 35 ya karɓa, bai yarda da ciniki ba ko dala. Kayan da aka saya daban ne, sansa biyu da robar iska da buji shidda sun tasam ma jikka 60, kuma ya bar ni na sayo da kaina ya ce kada gobe in ce ya ci wani abu a kai. In na haɗa da kuɗin fus ɗin Faransa da ke kwance yanzu ba amfani sai in ji kamar in mari kaina.

Wata huɗu kenan ina hawa. Na je Tasawa sau biyu na je Madarunfa da iyali, allurar zahi ba ta wuce rabi ba, ƙarar tsakuwa ban sake jinta ba ko ranar da dole ta sa na sha na kwalba a Gazawa. Mai da take sha wajen lita 16 a kilomita 100 lokacin akwatin 172 yanzu ya dawo 11 zuwa 12 in ban yi hauka ba. Bambancin fus ɗinshi da ta asali kuwa, gaskiya ɗan kaɗan ne, a cikin gari ne kake jin ta hi saurin amsawa in ka hito daga kwana, a babban titi da ƙyar in ka rarrabe, na gwada su biyun da kaina tunda yanzu ɗaga hannun soket ne kawai. Ta asalin tana cikin kwalin ashana an naɗe ta da takardar gwangwani a akwatin gaba, ya ce duk ranar da zan yi doguwar tahiya da zahi inda ban yarda da man hanya ba in mai da ita. Saura bel ɗin distiribisiyon, ya leƙa ya ce ya ga tsaga a bayanshi kuma a M20 in ya tsinke bawul da piston gaisawa suke, na yi odar shi daga Kano tun sati biyu direban bai iso ba har yanzu.